Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Sutura A Finafinanmu Daga Idon Basakkwace

Mai karatu, bari in fara da abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan watan. Ana saura mako biyu Babbar Sallah na je wajen wani dattijo maɗinkin hannu da ke zama a wata rumfa kusa da Tsohuwar Kasuwa a nan Sakkwato, don in karɓo rigar mahaifina da aka kai gyaran wuya. Na tarar bai ƙarasa ba, sai na samu benci na zauna, na ciro waya na ci gaba da kallon wani shiri mai dogon zango da nake bi. Ba zan faɗi sunan shirin ba, domin laifin da zan yi magana a kai ba nasa ba ne shi kaɗai. An zo wani sin inda hakimi ke zaune a zaurensa yana sauraren rikicin gona, sai dattijon nan ya miƙo wuya ya leƙa. Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗan nan, wanga mutum hakimi na ko ango?"

Na ce, "Baba, ai hakimi ne."

Ya ce, "A'a. Hakimin da ka shari'ar gona da hantsi ba shi sa wagga riga, wagga ta zuwa ɗaurin aure ta. Kuma dubi naɗinai. Wa yan naɗa mai shi? Wanga ba hannun bahwade na ba."

Ya koma kan allurarsa, ya bar ni da baki buɗe. Ni da nake taƙamar sharhin fim, na kalli sin ɗin nan ban ga komai ba sai fitila mai kyau da kyamara mai tsada. Shi kuwa da bai taɓa jin sunan daraktan ba, kallo ɗaya ya yi ya gane cewa mutumin da ke cikin rigar bai san rigar ba, ita ma rigar ba ta san shi ba.

Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 zuwa yau, an yi fiye da shekara talatin ana cacar baki kan suturar 'yan fim, amma in ka duba da kyau duk cacar a kan abu ɗaya take: ta rufe jiki ko ba ta rufe ba. A kan haka malamai suka yi ta wa'azi lokacin da rawa da waƙa suka cika kasuwa bayan Sangaya na 1999 da Wasila na 2000. Yana cikin abin da ya sa Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, kuma a kansa aka ƙara matsa wa 'yan fim lamba daga 2007, zamanin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim. Ni ban raina wannan muhawara ba, tana da muhallinta. Sai dai ta danne wata tambayar da ta fi kusa da sana'ar fim kanta, wato shin wannan tufa ta dace da wannan mutum, a wannan gari, a wannan lokaci na yini? Hukuma tana iya hana matsattsen wando, amma babu hukumar da za ta hana ka sa wa manomin Wurno shaddar Getzner mai maiƙo ka tura shi gonar albasa. Wannan aikin darakta ne, kuma shi ne aikin da aka bari ba mai yi.

Abin ya fi yi mana ciwo a nan Sakkwato, saboda a garin nan tufa magana ce. Ka tuna cewa cikin dokokin da Sarkin Gobir Nafata ya kafa wa jama'ar Shehu Usmanu kafin hijirar Gudu ta 1804, har da hana maza naɗa rawani da hana mata yin lulluɓi. Sarki bai ji tsoron ƙyalle don yana ƙyalle ba, ya ji tsoronsa don ya zama alamar da mutum ke cewa ga inda na dosa ba tare da ya buɗe baki ba. Shehu da kansa a Kitabul Farƙi ya lissafa sutura cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa a kai. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu kuma, bayan an ci nasara, ya koka a Tazyinul Waraƙati kan yadda wasu daga cikin jama'a suka karkata ga ado da dawaki. Ka ga ke nan tun daga tushe, rigar da shugaba ya sa a ƙasar nan abin dubawa ce, abin yi wa hisabi. Har gobe in ka lura da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda ya hau gadon a Nuwamban 2006, galibi cikin fararen kaya za ka gan shi. Kwarjinin yana ga naɗin da alkyabbar da natsuwar zama, ba ga walƙiya ba.

To amma sarkin fim fa? Shi kullum Sallah yake. Ko ruwa zai sha a cikin gida sai an lafta masa alkyabba mai ƙyalƙyali, an ɗora masa rawanin da aka naɗa a gaggauce a bayan motar lokeshin. Alhali kuwa rawani yana da ƙa'ida. A masarautu da dama mai kunne biyu na 'ya'yan gidan sarauta ne, ba kowane mai muƙami ba. Naɗin malami daban, na bafade daban, na attajiri daban. Amawali yana da lokacin da ake ja shi a rufe baki da lokacin da ake sauke shi. Farar harsa tana da wurinta, baƙin ɗan Kura mai sheƙi yana da nasa. Darakta mai wayo da wannan kaɗai zai nuna maka sarki ya fusata, ko ya ji kunya, ko ya yanke shawara, ba tare da an bugo kiɗan nan mai razanarwa da ake cika mana kunne da shi ba.

Haka babbar riga. Yaran yanzu, har da ni kafin in fara tambaya, duk babbar riga babbar riga ce a wajenmu. Amma akwai saƙi, mai ɗigon baƙi da fari kamar jikin zabuwa. Akwai kore, wadda aka rina da baba aka buge ta har tana ɗaukar ido. Akwai tsamiya, wadda zarenta daga saƙar wata tsutsa ake samo shi, launinsa kamar ƙasa-ƙasa, ba ya wani ihu amma mai ido ya san kuɗi ne. Akwai barage, akwai alharinin da fatake ke ketowa da shi ta Sahara. Sannan aikin da ke kan aljihu da kafaɗa: aska biyu, aska takwas, tambari, gidan biyar. Da yawan masu zana wannan aiki da masu ɗinka shi malamai ne da almajirai, hannun da ya saba rubutun allo shi ke fitar da zanen. Wani Bature, David Heathcote, da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shafe shekaru yana bin maɗinkan nan, har ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Wata Ba'amurkiya, Colleen Kriger, ta fitar da littafi a 2006 kan tarihin tufa a Afirka ta Yamma, inda ta ba rigunan Daular Usmaniyya babban gurbi. Su sun zo daga nesa sun zauna sun tambaya. Mu da abin yake ƙofar gidanmu, furodusa sai ya aika yaro Kantin Kwari ya ce a samo masa "kayan gargajiya", kamar dai gargajiyar yadi ce da ake yankowa.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na malfa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru don karantar da matan karkara. Kowace ƙungiya tana da jagora da ake kira jaji, kuma alamar jajin ita ce malfa da jan ƙyalle da ake naɗa mata. Jean Boyd, wadda ta daɗe a Sakkwato ta kuma rubuta tarihin Nana a 1989, ta nuna cewa irin wannan malfa a da alamar Innar Gobir ce, shugabar bori. Dubi hikima, mai karatu. Nana ba ta ƙone malfar ba, ta ɗauke ta daga kan bori ta ɗora ta a kan ilimi, ta yadda matar ƙauye da ta hango ta daga nesa ta san mai iko ce ke tafe, sai da ta matso ta tarar ikon ya sauya hannu. Wallahi duk marubucin fim da ya samu abu irin wannan ya samu rabin labarinsa. Amma ina tsoron ranar da wani zai tashi yin fim kan 'Yan Taru ya sa musu dogon hijabin roba mai hannu irin na 'yan Islamiyyar yau, ya ce ai matan Musulunci ne.

Kada ka ce tsoron banza nake. Mun ga abin da ya faru da Amina, fim ɗin Izu Ojukwu da ya fito a Netflix a Nuwamban 2021, wanda Lucy Ameh ta fito a matsayin sarauniyar, Ali Nuhu kuma yana ciki. An kashe kuɗi, an yi aikin kyamara, ba a musu. Amma kayan yaƙin sun fi kama da na finafinan jaruman Rumawa da ake yi a Amurka fiye da na barden ƙasar Hausa. Barden Hausa lifidi ya sani, wato rigar auduga mai kauri da ake lulluɓa wa doki da mahayinsa, da sulke, da kwalkwali. Ba ya fita fagen fama da damtse a waje don kyamara ta ga ƙwanji, kibiya mai dafi ba ta san ƙwanji ba. 'Yan Arewa sun yi ta ƙorafi, amma a bikin AMVCA na 2022 a Legas fim ɗin ya lashe kyautar gwarzon fim, har ma da ta tsara sutura. Ni ban ga laifin alƙalan ba sosai. Da me za su gwada? Mu da ya kamata mu ajiye musu ma'auni a finafinanmu, ba mu ajiye ba. Wanda bai ba da labarin gidansu ba, in maƙwabci ya bayar ya karkace, sai ya yi haƙuri.

Kuma ba wai ba a taɓa yin daidai ba. Wanda ya samu ganin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka kuma gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018, zai ga mutane cikin kayan da suka sha jiki, kayan da ƙura ta hau, ba waɗanda aka ciro daga leda da safen nan ba. A zamaninmu kuma dole a yaba wa Daɗin Kowa na tashar Arewa24. Kamaye in ya fito ka san aljihunsa kafin ya yi magana. Malam Nata'ala, Allah Ya jiƙan Mato Yakubu da ya fito a wannan matsayi, rigarsa da rawaninsa na malamin tsangaya ne sak, irin wanda kowa ya sani a unguwarsu. Ba kuɗi aka kashe a nan ba, lura aka yi. Hasali ma koɗaɗɗiyar riga ta fi sabuwa araha, abin da take buƙata shi ne jarumin da zai yarda ya sa ta.

Labarina na Malam Aminu Saira yana tsakiya. A zangon da Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayin Mainasara, attajirin da ya ɓad da kama ya shiga cikin talakawa, tufa ita ce ƙashin bayan labarin, kuma Saira ya san haka, ya yi amfani da ita. Inda nake da ja shi ne ɓangaren masu kuɗin, a nan da sauran shirye-shiryen da ke bin sawunsa. Talakan fim ɗinmu ya fara zama mutum, amma attajirin har yanzu hoton talla ne. Ba shi da gari. Falonsa na Dubai, labulensa na Turkiyya, matarsa ta kwana da kwalliyar amare ta tashi da ita, ɗaurin kallabin ko lanƙwasa bai yi ba.

A shirin nan da na ce ba zan ambata ba, har sandunan golf na gani jingine a kusurwar falon Alhaji, ba wanda ya taɓa su daga farkon zango har ƙarshe. An ajiye su ne kawai don a ce mana mutumin nan ya wuce sa'a. Abin ya ba ni dariya, domin tarihin wasan kansa yana da darasin da masu fim ɗin ba su ɗauka ba. Golf wasan mutanen Sikotlan ne, ƙasar ruwa da ciyawa, kuma a filin St Andrews aka tsayar da ramuka 18 a 1764. Da Turawa suka kawo shi ƙasar nan, filin Rayfield na Jos da ake danganta kafuwarsa da 1913, zamanin haƙar kuza, yana cikin na farko-farko. Amma a garuruwan Arewa masu zafi lallausar ciyawar da ake buƙata a bakin rami ta ƙi zama, sai suka koma cakuɗa yashi da baƙin mai suna daddaɓewa, suna buga ƙwallonsu a kai. Wato shi Baturen da ya zo da abinsa ma sai da ya rusuna wa ƙasar da ya tarar. Mu kuwa sai mu sa wa jarumi kwat mai ciki uku da laƙataye, mu ce a Sakkwato yake, garin da a watan Afrilu zafi ke haura digiri 40, inda ko ƙarfen ƙofar mota sai ka sa gefen riga kake kamawa.

Wai shin mai hali a ƙasar Sakkwato ba shi da hutun kansa ne? Yana da shi mana. Akwai kilisa da yamma in rana ta yi sanyi, akwai sukuwa. Akwai majalisar ƙofar gida bayan la'asar, inda ake shimfiɗa darduma a baje hira, wadda a nan ake ƙulla aure da siyasa da ciniki. Akwai dara. Akwai kokawa da dambe bayan kaka, fagen da ya haifar da makaɗi irin Ɗan Anace. Akwai tafiya Argungu kallon su, bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ziyarar da ta zama alamar sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi bayan doguwar gaba. In ma wasan Turawa ake so, ai holo ya fi golf zama ɗan gida, tunda gidan sarautar Katsina ya rungume shi tun zamanin Sarki Dikko, ɗansa Usman Nagogo kuma ya yi suna a kansa har ƙasashen waje. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da kayansa, yana da launinsa, yana da ƙarar da kyamara da makirfo za su so. Amma sai a kwashe mu a kai mu bakin wurin wanka na otal, a ajiye wa mutum biyu lemon kwali, a ce soyayya ake.

Sai maganar fata, wadda ita ce ta fi ƙona mini rai. Jar akuyar Sakkwato, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira ta Maraɗi, fatarta na cikin mafi daraja a duniya. Ɗaruruwan shekaru fatake na ɗaukar ta su keta Sahara, ta isa Turai ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka, shi ya sa can aka san ta da sunan fatar Maroko. Masu yi wa littattafai bango a Ingila sun daɗe suna neman ta. Majemanmu da bagaruwa suke jeme ta, a rina ja da karan dafi, a yi baƙi da kuloko, sannan dukawa su fitar da gafaka, da tintimi, da kube, da fade, da kayan doki. Yanzu ka faɗa mini, mai karatu, a fim nawa ka ga Hajiya ta rataya jakar dukawan Sakkwato? A falo nawa ka ga tintimi? Jakar roba ce ta Caina mai tambarin kamfanin Faransa na jabu, ita ake ɗora wa a kan tebur a juyo tambarin wajen kyamara. Abin haushin, manyan kamfanonin Turai da ake kwaikwayon tambarin nasu suna cikin masu sayen fatar Arewa. Mun sayar da gaskiyar, mun sayo ƙaryar, mun kuma ɗauke ta a fim muna yi mata talla kyauta.

Kada a ce tallar ba ta aiki. Tambayi kowane tela a Sakkwato abin da ke faruwa kafin Sallah: mata da 'yan mata da waya suke zuwa, a nuna hoton jaruma a ce irin wannan ake so. Tun zamanin kaset haka abin yake, sai dai a da sai an tsayar da kaset ɗin an kira tela ya gani. Fim ɗin Hausa shi ne babban allon tallan sutura a Arewa, ko ya sani ko bai sani ba. Masaƙar Kaduna ta KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, ta Gusau ma ta zama kango. Ban ce fim ne ya kashe su ba, wutar lantarki da fasa-ƙwauri sun ishe su. Amma abin da ya saura a hannunmu, wato ɗinkin hannu da jima da dukanci da saƙar hula, yana numfashi sama-sama, kuma masana'antar da za ta iya ɗaga shi da sin ɗaya tana can tana tallan kayan wasu.

Akwai kuma wani gefen rigar da finafinanmu suka manta gaba ɗaya: riga abin bayarwa ce. A fim, in ana so a nuna Alhaji mai kirki ne, sai ya sauke gilashin mota ya miƙo damin kuɗi, a sa kiɗan tausayi, mai karɓa ya durƙusa yana kuka. A al'adar gidajen nan ba haka kyauta take ba. Da riga ake naɗa mutum sarauta, da riga ake karrama malami, da riga ake sallamar baƙo. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi riguna da dawaki suke komawa gida da su. Sardauna Ahmadu Bello ya shahara da kyautar riguna duk inda ya sa ƙafa. Kuma mafi girman kyauta ita ce mutum ya tuɓe wadda ke jikinsa ya ba ka, domin ya ba ka har da ƙamshinsa da darajarsa, duk wanda ya gan ka da ita ya san daga inda ta fito. Babbar riga ma ɗinkinta ya dace da haka, ba ta da awon mutum ɗaya, uba ya sa, ɗa ya gada, bara ya samu. Ko a yau Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato takan raba wa marayu yadin Sallah da kuɗin ɗinki, wanda ke nufin telan unguwa ma ya samu rabonsa. Ka ɗauki riga guda ka bi ta daga hannun maɗinki zuwa wuyan basarake, zuwa makaɗi, zuwa dillalin da makaɗin ya sayar wa ranar da babu ta kama shi, zuwa angon da ya yi haya. Ga fim nan sukutum, na ba da shi kyauta.

Na san abin da 'yan industiri za su ce, don na sha ji. Za su ce babu kuɗi, kuma gaskiya ne. Shirin da ake sakawa a YouTube duk mako ba shi da sararin bincike. Sau da yawa ɗan wasa da jakar kayansa yake zuwa lokeshin, abin da ya kawo shi za a ɗauka. Jaruma kuma ba ta son a gan ta da atamfa ɗaya sau biyu, ko da matar mai gadi ta fito, saboda masu bin ta a Instagram. Ga masu shagunan kaya da ke ba da aro don a rubuta sunansu a ƙarshen shiri, su kuma abin da suke so a sayar shi za su bayar, ba abin da labari ke so ba. Sannan za su ce 'yan kallo ado suke so, mace ta gaji da wahalar gidanta, ba ta kunna waya don ta sake ganin tsumma ba. Wannan hujja ta ƙarshe ina girmama ta. Ni ma ba tsumma nake kira a sa wa kowa ba. Cewa nake adon ma muna da namu, kuma ya fi na aron tsada da kyau. Rigar tsamiya mai aska takwas ta fi kowace kwat cika allo.

Tunda Indiya muke kwaikwayo, me ya sa muka tsaya ga rawa? Mutum na farko daga Indiya da ya ci kyautar Oscar mace ce mai tsara sutura, Bhanu Athaiya, a 1983, saboda fim ɗin Gandhi, kuma ita ta yi suturar Lagaan na 2001 da muka kalla har faifan ya gaji. Aikinta shi ne ta san abin da manomi ke ɗaurawa da abin da hakimin Turawa ke sawa a shekarar da labarin ya faru. A wajenmu mai kula da sutura, in ma akwai shi, aikinsa guga da tsare jaka. Ba sai an je Mumbai koyo ba. Gidan tarihi na Waziri Junaidu yana nan cikin gari da kayan sarauta da na yaƙi na da. Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo cike yake da kundayen ɗalibai kan sana'o'in gargajiya, ƙura kawai suke sha. Kuɗin mota daga Kano zuwa Sakkwato bai kai abin da ake kashewa a hayar jirgin ɗaukar hoto na yini ɗaya don a nuna mana rufin gidan Alhaji daga sama ba.

Mu ma Sakkwatawa da laifinmu. Mun zura ido Basakkwace a fim ya zama abin dariya kawai: a sa masa guntuwar riga da hula a karkace, ya ce "aradu" sau uku, a tuntsire. Masu shirya fim na garin nan kuma, maimakon su nuna abin da Kano ba ta da shi, sai su yi ta ƙoƙarin zama Kanawa fiye da Kanawa, har harshen suke gogewa.

Da dattijon nan ya gama wuyan rigar, ya kakkaɓe ta ya ninke, na tambaye shi ko wani ɗan fim ya taɓa zuwa wajensa neman shawara. Ya yi dariya har allurar ta faɗi. Ya ce riga mai cikakken aiki takan ci masa watanni, yanzu kuwa a shekara da wuya a kawo masa biyu, kowa ya koma aikin inji na kwana ɗaya. 'Ya'yansa maza uku, ba wanda ya zauna ya koya, biyu suna tuƙa Keke Napep, ɗaya yana sayar da katin waya. Na biya shi, na miƙe, har na kai bakin rumfa sai ya kira ni ya ce in sake nuna masa hakimin nan. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana dubawa, yana girgiza kai.

Ya ce, "In ka san su, ka ce su taho in naɗa mai shi da kyau. Naɗin dai ba ni amsar ko kwabo."